Zango ɗaya a Folan: ta ina ake farawa?

Sagir Gagarawa:
Assalamu alaikum 'yan zaure, manya da ƙanana. Shawara nake nema. Sunana ya fito cikin ɗaliban da jami'armu za ta tura zangon karatu ɗaya a wata jami'a ta ƙasar Folan, ƙarƙashin shirin Erasmus+ na Tarayyar Turai. Za a fara karatu 1 ga Oktoba, a gama jarrabawa cikin Fabrairu. Takardar ta ce ba zan biya kuɗin makaranta a can ba, kuma za a riƙa ba ni Yuro 800 duk wata, ga kuma kuɗin jirgi daban. Ina aji uku a fannin Aikin Gona. Ba ni da fasfo. Baba ya ce ba zai ce e ko a'a ba sai na ji ta bakin waɗanda suka san hanya.

Ummi Sule Tankarkar:
Masha Allah! Allah ya sa albarka, Yaya Sagir. Kada a manta da mu a tsaraba.

Alhaji Bala Mai Riɗi:
A dakata da guɗa tukuna. Yaro, wa ya kawo maka takardar, kuma nawa ya ce ka ba shi?

Sagir Gagarawa:
Ranka ya daɗe, ba wanda ya nemi ko sisi. Ofishin hulɗa da ƙasashen waje na makarantarmu ne ya liƙa sanarwa, muka cike, aka duba sakamakonmu, aka kira mu aka yi mana tambayoyi.

Alhaji Bala Mai Riɗi:
To madalla. Na tambaya ne saboda mun ga yaran da dillalai suka kwasa zuwa Arewacin Saifurus da sunan karatu mai sauƙi, iyaye suka sayar da gonaki, har a 2020 hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna ƙetare ta fito ta gargaɗi iyaye. Duk inda ka ji "kawo kuɗin fom" daga bakin da ba na makaranta ba, ka ja da baya.

Dakta Nasiru:
Alhaji, tsoronka a wurinsa yake, amma wannan shirin na gaske ne. Tun 1987 Turawa suke musayar ɗalibai a tsakaninsu da shi, a 2015 suka buɗe ƙofa ga jami'o'in ƙasashe irin namu. Ba mutum ɗaya ke nema wa kansa ba, jami'a ce ke ƙulla yarjejeniya da jami'a, sannan ta zaɓi wanda za ta tura. Ba dillali a tsakani.

Sagir, ni abin da ya dame ni daban ne, kuma shi nake so ka fara da shi kafin fasfo, kafin rigar sanyi. Idan ka dawo, wannan wata biyar ɗin za a lissafa maka shi a nan, ko ba za a lissafa ba? A ƙa'idar shirin akwai takardar yarjejeniyar kwasa-kwasai. Mutum uku ke sa mata hannu kafin ka tashi: kai, da jami'arka, da jami'ar da za ta karɓe ka. A ciki ake jera kwasa-kwasan da za ka ɗauka a can, a gabansu kuma a rubuta waɗanda za su maye gurbinsu a gida. Su Turawa suna auna nauyin karatu da ma'aunin ECTS: zango ɗaya 30 ne, shekara 60, kowane ɗaya kuma yana tsayawa a madadin aikin awa 25 zuwa 30, har da karatun da kake yi kai kaɗai a ɗaki. Mu kuma da yunit muke lissafi, bisa awannin da aka zauna a aji. Ma'aunin biyu ba su faɗuwa daidai da kansu, sai wani ya zauna ya daidaita. Wannan wanin kuwa shugaban sashenku ne, ba ofishin da ya liƙa sanarwa ba. Sun san da maganar a sashe?

Sagir Gagarawa:
Dakta, mai kula da ajinmu ya sani, ya ma taya ni murna. Shugaban sashe ban same shi ba tukuna.

Dakta Nasiru:
Taya murna ba sa hannu ba ce. Ka same shi cikin makon nan.

Kuma ka ɗauko kalandar makarantarku ka ajiye kusa da tasu. Tun yajin aikin ASUU na 2022, wanda ya ci wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, jami'o'inmu da yawa ba su koma kan tsohon layi ba, kowacce da lokacin da take buɗewa da rufewa. Su can 1 ga Oktoba ce, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Yana iya yiwuwa ranar da ya kamata ka hau jirgi kuna tsakiyar jarrabawar zango na biyu a nan, ko kuma tafiyarka ta ciji ƙarshen wani zango da farkon wani. Sannan kai ɗan Aikin Gona ne, shekara biyar kuke yi, aji huɗu kuma shi ne na aikin gona a aikace. Wannan ba a yin sa a ɗakin karatu na Folan.

Rabi'u Maigatari:
Ni a ganina ko za a maimaita shekara guda, ya tafi. Dama sau ɗaya take zuwa. Mu nawa ne a ƙasar Gumel muka taɓa zama a aji a Turai?

Dakta Nasiru:
Rabi'u, ban ce kada ya tafi ba. Na ce ya san farashin abin kafin ya taya. Shekara guda ga ɗan talaka kuɗin rajista ne na wata shekarar, da haya, da abinci, da ƙannen da ke jira a layi. Ga kuma maganar bautar ƙasa: wanda ya kammala digiri bayan ya haura shekara 30, takardar yafewa ake ba shi, ba ya zuwa sansani. Yaranmu na ƙauye da yawa sai sun yi allo ko sun yi jira kafin su shiga jami'a, ba kowa ke da rarar shekara ba. In ya auna ya ga zai iya ɗauka, ya tafi da idonsa biyu.

Sagir Gagarawa:
Ta wajen shekaru da sauran sarari, alhamdulillahi.

Anti Hauwa Haɗeja:
Sai yanzu na buɗe waya. Sagir, barka. Ni ma da wannan shirin na je Folan lokacin ina digiri na biyu, don haka bari in taɓa abin da takardar ba ta faɗa maka ba.

Yuro 800 ɗin nan, in ka buga shi a naira sai ka ji kanka ya yi girma, ya haura miliyan. Amma ba a Gagarawa za ka kashe shi ba, kuma ba a Gagarawa za a ba ka shi ba. A nawa lokacin sai da na isa, na sa hannu a takardun tallafin, aka buɗe mini asusu, sannan kuɗi suka shigo. Kuma ba duka aka ba ni ba, an riƙe wani kaso sai da na gama na cike rahoton ƙarshe. Kowace jami'a da tsarinta, wata ita ke sayen tikiti ta turo, wata kai za ka saya ta mayar maka daga baya. Yau ɗin nan ka rubuta wa jami'in shirin na can ka yi masa tambaya uku: wa zai sayi tikiti, yaushe kuɗin farko za su shigo hannuna, kuma nawa ne kuɗin ajiya na ɗakin kwanan ɗalibai. Ba sa jin haushin tambaya, aikinsu ke nan.

Duk abin da ke gaba da wannan ranar daga aljihunka zai fito: fasfo, zirga-zirgar Abuja wajen ofishin jakadanci, inshorar lafiya, hotuna, takalmi da riga, da abin da za ka ci a makonnin farko. Kuma rajistar makarantarka ta gida ba a yafe maka ita ba, dole ka ci gaba da zama ɗalibi a nan.

Kawu Idi Garki:
A nan gizo ke saƙar. Na san gidan su yaron nan. Kuɗin manomi sai kaka, kuma shi kafin kaka ake son kuɗin. Riɗi bai isa yanka ba sai wajen ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, lokacin shi ya riga ya tashi. Abin da ke hannu yanzu bijimai biyu ne na huɗa.

Sagir Gagarawa:
Kawu, abin da Baba yake tunani ke nan. Ya ce in ta kama a kai guda Maigatari ranar Alhamis.

Kawu Idi Garki:
Kada ku kuskura. Sa ɗaya ba ya jan garma. In kuka raba su a tsakiyar damina, kun kashe huɗar gonarku, kun kashe ta hayar da ake biyanku, kun kashe amalanken da zai kwaso amfanin gida. Kuma dillalan kara suna gane mai matsuwa tun daga yadda ya riƙe igiya. Za ku sayar da arha yanzu, ku zo saye da tsada bayan kaka.

Alhaji Bala Mai Riɗi:
A bar shanun. Ni zan ba da kuɗin yanzu, in an yi kaka a auna mini riɗi.

Rabi'u Maigatari:
Alhaji, da girmanka, amma wannan ba shi ne fallen da ake kuka da shi ba? A ba manomi kuɗin buhu ɗaya a Yuli, a karɓi abin da ya kai biyu a Nuwamba.

Alhaji Bala Mai Riɗi:
Kai Rabi'u, ka san da wa kake magana? Ni na ce zan ci da gumin wani?

Malam Sani Limamin Gabas:
A yi haƙuri, a sassauta. Rabi'u, ka gyara lafazi, Alhaji sa'an mahaifinka ne. Asalin cinikin ba haramun ba ne. Shi ne salam a fiƙihu: a biya kuɗi gaba ɗaya yanzu, a karɓi kaya daga baya, da sharaɗin a san mudu ko nauyi, a san irin kayan, a san ranar bayarwa. Hadisin yana cikin Buhari da Muslim. Abin da ya ɓata shi a ƙauyukanmu shi ne mai kuɗi ya ga mutum a matse ya karya farashi yadda ya ga dama, ko a ƙi faɗin adadi a ce "sai mun ga yadda kasuwa ta yi". Sannan ba a ɗaure shi da amfanin wata gona guda, domin in riɗin gonar ya lalace bashin buhunan yana nan a wuyan mai gona.

Amma ni ina da tambaya. Tunda yaron nan kuɗi za su shigo masa in ya isa, me ya kawo riɗi cikin maganar? A ba shi rance, naira da naira, ya biya daga tallafin wata biyun farko. Ladan rance ba ƙarami ba ne, Alhaji.

Alhaji Bala Mai Riɗi:
Allah gafarta Malam, ni ɗan kasuwa ne, kuɗin da zan ba shi na sayen kaya ne. In na ba da naira a Yuli aka mayar mini a Nuwamba, ba buhunan da za ta saya a Yuli za ta saya ba. Amma zan duba.

Anti Hauwa Haɗeja:
Kafin a gama wannan, Sagir, koma kan fasfo don shi ne mai cin lokaci. Ɗauko katin NIN ɗinka, da takardar shiga jami'a, da sakamakon sakandare, da wasiƙar da Folan suka turo, ka shimfiɗa su a tabarma ka karanta harafi bayan harafi. Fasfo abin da ke kan NIN yake ɗauka. Mu mutanen karkara a nan muke faɗuwa: a firamare an rubuta Sagiru, a sakandare Sagir, wani wuri sunan uba ne a ƙarshe, wani wuri sunan gari. Ranar haihuwa kuwa rabinmu 1 ga Janairu aka ba mu. Ma'aikacin ofishin jakadanci bai san Sagiru da Sagir mutum ɗaya ba ne, kuma ba zai tsaya ka yi masa bayani ba.

Sagir Gagarawa:
Anti, na duba yanzu. NIN: Sagiru Musa. Makaranta da wasiƙar Folan: Sagir Musa Gagarawa.

Anti Hauwa Haɗeja:
Ka gani ko? Hanya biyu ce. Ko ka nemi gyaran suna a NIN ya dace da na makaranta, ko ka yi fasfo da abin da ke NIN ka roƙi Folan su sake buga wasiƙar da sunan da ke fasfo. Ta biyun ta fi sauri, amma za ta bar maka sakamako da suna ɗaya, digiri da wani sunan, ka zo kana rantsuwa a kotu nan gaba. Ni da ni ce, gyaran zan fara gobe, in sanar da su can halin da ake ciki.

Aminu Gumel:
Ƙari kan maganar Anti. Fasfo a intanet ake cikewa a biya, sannan a je a ɗauki hoto da zanen yatsu, akwai ofis a Dutse, akwai a Kano. Tun Satumbar 2025 mai shafi 32 na shekara biyar ya koma N100,000, mai shafi 64 na shekara goma N200,000. Ƙaramin ya ishe ka. Ka cike da kanka ko ka zauna kusa da mai shagon kwamfuta kana kallon abin da yake bugawa. Sai katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa, ana yi a sashen lafiya na filin jirgin Malam Aminu Kano. Allura ɗaya ce ta ishe ka har ƙarshen rayuwa.

Biza kuma ka lura. Akwai ta gajeren zama ta Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, kwana 90 cikin 180, ba ita ce taka ba. Kai za ka haura wata huɗu, don haka ta dogon zama ta ƙasar Folan za ka nema, wadda suke kira D. Bayan badaƙalar sayar da biza da ta tashi a ƙasar a 2023 sun ƙara tsanani kan bizar ɗalibai, samun ranar ganawa ma aiki ne. Da fasfo ya fito, kada ka kwana.

Ɗanlami Ikko:
Ni duk wannan lissafin yunit da kuke yi dariya yake ba ni. Mutum Allah ya buɗe masa ƙofar Turai kuna maganar ya dawo ya yi aikin gona a aikace. Sagir, ka shiga, ka nemi aiki, ka tsallaka Jamus. Masu bin Agadas da Libiya rai suke sayarwa don su samu abin da aka ba ka a faranti.

Dakta Nasiru:
Ɗanlami, ka tsaya ka ji abin da kake ba shi shawara a kai. Ranar da bizarsa ta ƙare ya zama mara takarda, ba digiri a nan, ba digiri a can, shekara uku ta tafi a banza. Kuma ba shi kaɗai zai biya ba. Jami'ar da ta karɓe shi tana rubuta rahoto. In ɗalibi ya ɓace, zagaye na gaba sai su nemi wata jami'ar a wata ƙasar su ƙulla da ita. Yaran da ke aji ɗaya yanzu su za a rufe wa ƙofa.

Ɗanlami Ikko:
Dakta, ku da kuke da albashi kuna iya wannan wa'azin. In ya dawo aikin me ke jiransa?

Anti Hauwa Haɗeja:
Ban ce aiki na jiransa ba, Ɗanlami, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ko don son zuciya ne, dawowar ta fi. Wanda ya je ya dawo kan lokaci, da sakamako mai kyau da malami a can da zai rubuta masa wasiƙar shaida, shi ke da ƙarfin neman tallafin digiri na biyu, irin su Erasmus Mundus ko DAAD na Jamus, ya koma da takarda ta shekara biyu. Na ga masu zama ba takarda a tashar jirgin ƙasa cikin sanyi. Ba na yi wa ɗan kowa fatan haka.

Ɗanlami Ikko:
Kowa da ra'ayinsa. Na yi shiru.

Ummi Sule Tankarkar:
Ni tambayata, ba kusa da Yukiren ba ce ƙasar? Yayana yana cikin waɗanda aka kwaso daga Sudan a 2023, kwanaki suka yi a bakin iyakar Masar, Innarmu ba ta barci. Innar Yaya Sagir ta san inda za shi?

Sagir Gagarawa:
Ta sani, kuma ita ce ba ta sake ba har yanzu. Tana jin rediyo.

Anti Hauwa Haɗeja:
Suna da iyaka da Yukiren, gaskiya ne, ta nan ma ɗalibanmu da yawa suka tsere a 2022. Amma Folan tana cikin Tarayyar Turai tun 2004, tana cikin NATO, makarantu na tafiya yadda suka saba. Kada ka ce mata ba komai, ka faɗa mata yadda abin yake. Ka bar wa gida kwafin fasfo da biza da lambar jami'in shirin, ka kuma sanar da ofishin jakadancin Najeriya da ke Warso, babban birninsu, cewa kana ƙasar. In tana so ta ji daga bakin mace, ka haɗa mu a waya.

Wani abin da zai kwantar mata da hankali: daga Lahadin ƙarshe ta Oktoba agogonsu da namu ɗaya ne, ba bambancin ko minti. In ta idar da sallar isha ta kira ka, kai ma ƙarfe nawan ke nan a wurinka.

Sai dai rana ba ɗaya ba ce, kuma wannan ne ya fi ba ni wuya, fiye da sanyin. A Disamba gari ba ya wayewa sai wajen bakwai da rabi, kafin uku da rabi na yamma rana ta faɗi. Azahar tana shiga kafin sha biyu, la'asar wajen ƙarfe ɗaya, magariba kana cikin aji. Salloli uku cikin awa huɗu, duk a lokacin lacca. Na riƙa yawo da 'yar sallaya a jaka, ina yin alwala tun daga ɗaki in sa safa, in an ba da hutun minti goma in nemi ƙarshen baranda ko bayan kantocin littattafai a laburare. Ba wanda ya taɓa hana ni. Amma in ba ka tsara ba, sai ka ɗaga kai ka ga duhu, biyu sun wuce ka.

Sagir Gagarawa:
Allah gafarta Malam, to ba zan iya yin ƙasaru ba tunda matafiyi ne ni?

Malam Sani Limamin Gabas:
A hanya za ka yi. Amma a mazhabarmu ta Malikiyya, da ka sauka da niyyar zaman kwana huɗu cikakku, hukuncin tafiya ya yanke, ka zama mazauni, sai ka cika. Wata biyar ba a maganar ƙasaru. Ka nemi jadawalin lokutan salla na garin da kake, kada ka bi na Kano da ka haddace. Shafa a kan huffi da sharuɗɗansa kuwa ka zo gida mu zauna, ba a rubutu za a gama shi ba. Ka kuma lissafa azumi, domin mai zuwa zai kama ne cikin Fabrairu, wataƙila farkonsa ya same ka a can. Ka nemi jama'a. Ƙasar tana da Musulminta na asali, Tatar, ɗaruruwan shekaru suna can da masallatansu na katako, ga kuma baƙi a manyan birane.

Kawu Idi Garki:
Abinci fa? An ce mutanen nan alade ne cimarsu. A yi masa kilishi da dambun nama mai yawa, da man shanu.

Anti Hauwa Haɗeja:
Kawu, a yi haƙuri da kilishin. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama ko madara ko abin da aka yi da su daga ƙasashe irin namu. In an gani a kwandon shara zai ƙare, wani lokacin har da tara. Abin da ni na ɗauka: kuka, busasshiyar kuɓewa dakakkiya, daddawa, yaji, garin kunu, duk a ɗaure da kyau a rubuta sunan kowanne. Daddawar nan a ninka mata leda, in ba haka ba duk kayanka sai sun ɗauka. Alade kam yana cikin tsiran-tsiransu da yawa, har da kitsensa a wasu abincin da ba ka zato, don haka ka koyi kalmarsa a yarensu ka riƙa duba jikin kaya. Kifi, ƙwai, dankali, shinkafa, kabeji duk suna da arha. A manyan birane akwai shagunan halal na Turkawa da Larabawa. Ka koyi girki wajen Inna kafin ka tafi, don sayen dafaffe shi ke cinye Yuro 800. Kuɗinsu ma ba Yuro ba ne, zuloti ne, Yuro ɗaya yana ba da huɗu da 'yan kai. Kuma yawancin ranakun Lahadi manyan kantuna a rufe suke, ka yi cefane tun Asabar.

Rigar sanyi kada ka kashe kuɗi da yawa a nan. Ka shiga Kofar Wambai ka samu guda mai kauri da takalmi rufaffe wanda zai kai ka, sauran ka saya a shagunan gwanjonsu, sun fi sanin sanyinsu. Soket ɗinsu mai ƙafa biyu zagayayyu ne, ka sayi mahaɗi tun daga Kano. Kuma a filin jirgi ko wa ya ce riƙe mini wannan ƙullin, ko da rawani ne a kansa, ka ce a'a.

Sagir Gagarawa:
Wake fa? Shi ne abincin ɗalibi.

Dakta Nasiru:
Kai da ke karanta Aikin Gona ya kamata ka ba mu wannan labarin. Tun 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki, irin fiya-fiyar da ake zuba wa buhu a rumbu. Bar waken a gida. Amma ga abin da zan so ka yi: in akwai kwas kan adana amfanin gona bayan girbi ko kan ingancin abinci, ka saka shi cikin zaɓinka. Ka shiga ɗakin gwajinsu ka ga yadda ake auna ragowar magani a hatsi. Riɗin su Alhaji Bala da zoɓorodon Maigatari ƙetare suke tafiya, kuma irin wannan gwajin ne ke sa a karɓa ko a mayar.

Alhaji Bala Mai Riɗi:
Wannan magana ta shige ni. Kamfanonin da muke kai wa kaya a Kano kullum zancensu ke nan, a daina fesa wa riɗi magani bayan an yanke.

Sagir Gagarawa:
Salam. Na dawo da bayani. Na samu shugaban sashe yau. Ya karɓe ni da kyau, ya ce in kawo cikakken bayanin kowane kwas daga shafin jami'ar can, ba suna kawai ba. Mun zauna da mai kula da aji muka gwada. Jarrabawarmu ta zango na biyu za ta ƙare kafin tafiya in ba a ɗaga ba. Matsalar aji huɗu ce: wata biyar ɗin zai ci farkon aikin gona a aikace. Ya ce kwasa-kwasai huɗu na can za su iya maye wasu na aji biyar, aikin gonar kuma in haɗa da 'yan bayanmu in cike abin da na rasa. Amma ya ce shi kaɗai ba zai yanke ba, sai kwamitin sashe ya zauna. Folan kuma sun amsa: su za su sayi tikiti, kuɗin farko sai bayan na isa da kamar mako biyu, kuɗin ajiyar ɗaki ranar da na karɓi makulli.

Dakta Nasiru:
Yanzu ka fara tafiya. Abu biyu. Ka roƙa a saka maganarka a zaman kwamiti mafi kusa, kuma in an amince ka samu kwafin abin da aka rubuta, da sa hannu da hatimi. Shugabancin sashe karɓa-karɓa ne, wanda ya yi maka alkawari da baki ba lallai shi za ka tarar a kujerar ba a Fabrairu. Na biyu, a rubuta yadda za a juya makinsu zuwa namu. Su daga 2 zuwa 5 suke bayarwa, 2 faɗuwa ce, 3 tsira, 5 ƙoli. In ba a amince tun yanzu me 4 take nufi a wurinmu ba, ranar lissafin sakamako za a yi ta ja-in-ja, kai ne a tsakiya. In ka isa ka tarar an soke wani kwas ko lokutan biyu sun yi karo, ana iya gyara yarjejeniyar a makonnin farko, amma gyaran ma sai ɓangarori ukun sun sa hannu.

Rabi'u Maigatari:
To in kwamitin ya ƙi fa?

Dakta Nasiru:
Sai ya dawo nan da lissafin shekara guda a hannu, shi da mahaifinsa su yanke. Amma gyaran NIN da fasfo ba sa jiran kwamiti, ko bai tafi bana ba suna da amfani.

Alhaji Bala Mai Riɗi:
Tunda tikiti ya fita daga wuyanmu, abin ya yi sauƙi. Malam, na bi shawararka, rance ne, ba riɗi. Sagir, ka zauna da Hajiya Hauwa da Aminu ku fitar da adadin abin da ake buƙata har zuwa ranar da kuɗinsu za su shigo, ku turo mini a rubuce. Ranar Alhamis ina Maigatari, rumfata tana nan inda ka sani. Mahaifinka ya zo da kansa, Idi ya raka shi, Malam ya rubuta mana takarda da ranar biya. Rabi'u, kai ma ka zo ka sa hannu a shaida tunda kai ne mai bincike.

Rabi'u Maigatari:
Zan zo, ranka ya daɗe. Ƙarfe nawa?

Alhaji Bala Mai Riɗi:
Kafin azahar. Bayan nan ina wajen awo.